Kafin Ka Danna "Aika": Da Me Ya Kamata Ka Duba Saƙon Tallanka na Imel?

Rubutun da ka saka a Facebook ko WhatsApp, idan ka ga kuskure a ciki sai ka gyara ko ka goge. Imel ba haka yake ba. Da zarar ya bar hannunka ya shiga akwatin mutum dubu uku, to ya shiga ke nan, da farashin da aka rubuta ba daidai ba, da linkin da ba ya buɗuwa, da gaisuwar da sunan mai ita bai fito ba. Shi ya sa duk mai aika wa abokan cinikinsa talla ta imel yakan tsaya kan tambaya ɗaya: da me zan duba saƙon nan kafin ya tafi, kuma dubawar ta kai a biya mata kuɗi?

Hanyoyin da ake bi huɗu ne. Ka gwada da hannunka a kan wayoyi na gaske; ka dogara da kayan dubawa da ke cikin manhajar da kake aikawa da ita, kamar Mailchimp ko Brevo; ka yi amfani da shafukan kyauta masu auna ko saƙon zai isa, irin su mail-tester; ko kuma ka biya kamfanoni irin su Litmus da Email on Acid, waɗanda wannan ce sana'arsu.

Me ake nema tukuna?

Yawancin rikicewar zaɓi daga nan take farawa, domin saƙo yana lalacewa ta fuska uku, kuma babu hanya ɗaya da ke kama dukkansu.

Ta farko ita ce kamanni. Saƙo ɗaya ba ya fitowa iri ɗaya a ko'ina. Tsohon Outlook na kan kwamfutar Windows, tun daga na 2007, da injin Word yake nuna imel, don haka tsarin da ya yi kyau a Gmail yakan karkace a can: hoton bango ya ɓace, maɓalli mai zagayayyen gefe ya koma murabba'i. Gmail kuwa idan jikin saƙo ya wuce kilobayit 102 sai ya yanke ƙarshensa ya bar ɗan rubutun da ke cewa a danna a ga sauran. Abin da yakan faɗa cikin ɓangaren da aka yanke shi ne linkin fita daga rajista, kuma wanda ya nemi hanyar fita ya rasa, maɓallin Spam yake dannawa. Ga kuma masu sa wayarsu a yanayin baƙin allo, inda tambarin kamfani mai baƙin rubutu yake nutsewa cikin duhu.

Ta biyu ita ce isa. Tun watan Fabrairun 2024, Gmail da Yahoo suka tsaurara ƙa'ida. Mai aika saƙo 5,000 ko fiye a rana zuwa adireshin Gmail dole ya saita SPF da DKIM da DMARC, waɗanda su ne shaidun da ke nuna cewa saƙon daga gare shi ya fito da gaske. Dole ya sa hanyar fita da dannawa ɗaya. Kuma kada masu kai ƙarar saƙonsa ta hanyar danna masa Spam su kai kashi 0.3 cikin ɗari, wato mutum uku cikin dubu. Microsoft ya biyo baya da irin wannan ƙa'ida ga Outlook da Hotmail a watan Mayun 2025. Ko ba ka kai 5,000 ba, ana son aƙalla SPF ko DKIM.

Ta uku ita ce abin da ke cikin saƙon kansa: farashi, ranar ƙarewar rangwame, lambar waya, sunan wanda ake gaisarwa, da Hausar. A ganina wannan ce ta fi jawo asara a zahiri, kuma ita ce aka fi rainawa.

A kan waɗannan uku zan auna kowace hanya, tare da kuɗinta, da sauƙinta, da yadda za ta ɗore maka, da abin da zai iya sulale mata.

Hanya ta farko: gwajin hannu

Ka buɗe adireshin gwaji a Gmail da Yahoo da Outlook, ka ƙara da na mutum biyu ko uku da ka yarda da idonsu, ka aika musu, kowa ya buɗe a wayarsa. Kuɗinsa bai wuce data ba.

Ƙarfin wannan hanya shi ne kana ganin saƙon a irin wayar da masu sayenka ke riƙe da ita. Idan kasuwarka Kano ce ko Kaduna ko Maraɗi, akasarin masu buɗe saƙon a Tecno ko Infinix ko Itel za su buɗe shi, cikin manhajar Gmail, sau da yawa a inda sabis ke rawa. Ka ɗauki mafi ƙanƙantar wayar da ke gidan, ka kashe Wi-Fi, ka buɗe da data. Idan hoton atamfar ko na turaren ya ɗauki lokaci kafin ya sauka, mai saye ba zai jira ba. A nan ne kuma za ka gane illar ɗabi'ar nan ta ɗauko fostar da mai zane ya yi a Canva a liƙa ta ita kaɗai a matsayin saƙo: kafin hoton ya buɗe babu komai a allon sai fili, ga shi matatun Spam ba sa son saƙon da hoto ne zalla. Farashi da lambar waya su kasance rubutu, ba cikin hoto ba.

Sai batun haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da ƴ ga masu rubutu irin na Nijar. Wannan matsala tamu ce, waɗanda suka ƙera manhajojin nan ba da ita suka kwana ba. Tana zuwa ta hanya uku. Idan salon rubutun da ka zaɓa ba shi da harafin, wayar takan aro shi daga wani salo, sai ka ga ƙ ta fi 'yan'uwanta girma ko kauri a tsakiyar kalma. Idan tsarin adana haruffa ya sami matsala a hanya, ƙ takan koma Æ™, ɗ ta koma É—. Mafi muni kuwa daga Excel yake fitowa: idan ka adana jerin sunaye a matsayin CSV na yau da kullum ba CSV UTF-8 ba, haruffan sukan koma alamar tambaya, sai Ɗanladi ya karɓi saƙo mai cewa "Barka da yamma, ?anladi". Alamar naira ma, ₦, ta cancanci a duba ta, a jikin saƙo da kuma a take.

Tun da an zo kan gaisuwa: manhajojin nan suna alfahari da cewa za su sa wa kowa sunansa. A wajen Bature wannan kusanci ne. A wajenmu, ka kira dattijon da ya yi shekara goma yana saye a shagonka da sunansa tsirara, babu Alhaji babu Malam, ba kusanci ba ne. Ko dai ka ƙara gurbin laƙabi a jerin sunayenka ka cike shi da hannu, ko ka bar gaisuwar ta zama ta kowa, "Assalamu alaikum". Babu na'urar da za ta nuna maka wannan a matsayin kuskure. Mutum ne zai karanta ya ce maka bai yi ba.

Akwai kuma duba ɗaya na fasaha da za ka iya yi a nan kyauta. Ka buɗe saƙon gwajin a Gmail na kwamfuta, ka danna ɗigo uku na gefensa, ka zaɓi Show original. A saman shafin za ka ga SPF da DKIM da DMARC, kowanne da hukuncinsa. PASS uku kake nema.

Raunin gwajin hannu a fili yake. Yana cin lokaci, kuma ranar da kake gaggawa ita ce ranar da za ka tsallake shi. Ba zai nuna maka Outlook na ofis ba sai idan kana da shi. Sannan akwatinka ya saba da kai: tun da kana buɗe saƙonnin kanka kullum, Gmail zai ci gaba da sa su a gaba, alhali na baƙo suna iya tafiya Spam. Saboda haka ganin saƙo a akwatinka ba hujja ba ce cewa ya isa na kowa. Ta fuskar ɗorewa kuwa babu kamarsa, tun da ba wanda zai wayi gari ya ƙara masa kuɗi.

Hanya ta biyu: kayan cikin manhajar aikawa

Mailchimp da Brevo da MailerLite duk suna da wajen ganin saƙo a siffar kwamfuta da ta waya, da maɓallin aika gwaji. Mailchimp yana da mai duba linkuna, kuma a tsare-tsarensa na biya akwai Inbox Preview mai nuna hoton saƙon a manhajojin imel daban-daban, iya adadin da aka ware maka. Ba ka biyan komai a kan abin da kake biya dama, kuma babu abin da ya fi shi sauƙi: yana nan gefen inda kake rubutu.

Sai dai a san iyakarsa. Siffar wayar da ake nuna maka a nan shafin intanet ne aka matse faɗinsa, ba Gmail ba ne, ba Outlook ba ne. Saƙon gwaji kuma ba daidai yake da na gaske ba. A Mailchimp, alamar da ke ɗauko suna, *|FNAME|*, ba ta cika da sunan gaske a saƙon gwaji. Maganin shi ne ka ware ƙaramin rukuni mai ɗauke da adireshinka na gwaji, ka bar ɗaya daga ciki babu suna da gangan, ka aika musu kwafin saƙon aikawa ta gaske. Nan za ka ga yadda gaisuwa ke fitowa idan gurbin suna fanko ne, ka kuma gwada linkin fita ka tabbatar yana aiki.

Mai duba linki ma yana gaya maka ne cewa shafin yana buɗuwa. Ba ya sanin cewa linkin WhatsApp ɗin da ka sa lambar tsohon yaron shago ce a jikinsa.

Wajen ɗorewa, tsarin kyauta ba abin jingina ba ne. Mailchimp, wanda kamfanin Intuit ya saya a 2021, ya taɓa ba da damar mutum 2,000 kyauta, daga baya ya zaftare zuwa 500. Brevo, wanda Sendinblue ne sunansa kafin 2023, ya daɗe yana ba da saƙo 300 a rana kyauta, abin da ke nufin jerin mutum 1,500 zai ɗauki kwana biyar kafin kowa ya samu. Ka duba shafinsu ranar da za ka yanke shawara.

Hanya ta uku: shafukan kyauta masu auna isa

Shafin mail-tester yana ba ka wani adireshi na wucin gadi. Ka aika masa saƙon daga manhajar da za ka aika na gaske, ka koma ka danna, ya ba ka maki cikin 10. Ƙarƙashin makin zai jera dalilai: hukuncin matatar SpamAssassin, halin SPF da DKIM da DMARC, ko sabar da ta aiko, wato kwamfutar da saƙon ya fito daga gare ta, tana cikin jerin waɗanda aka yi wa baƙin tambari, da linkunan da suka mutu. Yana ba da gwaji kaɗan kyauta a rana, wanda ya ishi mai aikawa sau ɗaya a mako. Aikin minti biyar ne.

A nan ne mutane da yawa ke gano babbar matsalarsu: suna aika talla ta Mailchimp ko Brevo amma adireshin mai aikawa na gmail.com ne ko yahoo.com. Ba za ka iya sa hannun DKIM a kan sunan da ba naka ba, kuma Yahoo tun 2014 ya umarci sauran masu karɓa su ƙi duk saƙon da ya zo da sunansa ta wata hanya. Gyaran shi ne ka mallaki domen naka, wato sunan da ke bayan alamar @ a adireshin imel, ko da .com.ng ne, ka saka bayanan da manhajar aikawa za ta ba ka a wajen wanda ya sayar maka da shi. Sau ɗaya ake yi.

Kada maki 10 ya ruɗe ka. Gmail ba da SpamAssassin yake yanke hukunci ba; yana kallon tarihinka, wato ko mutane na buɗewa, ko suna gogewa ba su karanta ba, ko suna kai ƙara. Wanda ya kwashi adireshin mutane daga rajistar wani taro ya fara yi musu talla zai iya cin 10 a mail-tester kuma ya ƙare a Spam. Ban da haka ma, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba mutum 'yancin hana a yi amfani da bayanansa wajen tallata masa kaya kai tsaye.

Abokin tafiyar mail-tester shi ne Postmaster Tools na Google, shi ma kyauta. Shi ne ke nuna maka adadin masu kai ƙararka kamar yadda Google ke gani, wato ma'aunin 0.3 ɗin nan. Amma labarin abin da ya riga ya faru yake bayarwa, kuma idan saƙonninka ba su da yawa a rana shafin zai zauna babu komai.

Hanya ta huɗu: masu dubawa na kuɗi

Litmus da Email on Acid suna karɓar saƙonka su buɗe shi a manhajoji da na'urori masu yawa, Outlook na shekaru daban-daban, Apple Mail, Gmail a iPhone da Android, farin allo da baƙi, su jero maka hotunan cikin 'yan mintuna. Suna duba linkuna, nauyin hotuna, da ko makaho mai amfani da manhajar karanta allo zai fahimci saƙon. Suna da wajen da abokan aiki za su bar gyara, shugaba ya sa hannun amincewa. Wajen kamanni babu na biyunsu. GlockApps kuma wani ɓangaren ya riƙe: yana ba ka jerin adireshin gwaji ka aika musu, ya faɗa maka nawa suka shiga babban akwati, nawa Promotions, wato ɓangaren tallace-tallace na Gmail, nawa Spam. Alama ce mai amfani, ko da yake adireshin gwaji ba mutane ba ne, ba su da tarihi da kai.

Matsalar kuɗi ce. Da dala ake biya, kowane wata. Ka lissafa kuɗin da canjin yau, ka haɗa da wahalar da katin naira kan bayar wajen biyan kuɗin waje. Ga mai sayar da kayan ɗinki ko turaren wuta, wannan sayen tirela ne domin ɗaukar buhu ɗaya. Farashin kuma ba ya zama wuri ɗaya, musamman da kamfanonin ke sauya hannu: Email on Acid yana ƙarƙashin Sinch, Litmus kuma Validity ta saye shi a 2025.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: idan kana amfani da ƙirar da manhajar aikawa ta tanada, shafi ɗaya mai faɗin kusan pixel 600, ba ka taɓa lambobin HTML da ake gina saƙon da su da hannu, to an riga an gwada maka ƙirar a yawancin wuraren nan. Za ka biya kuɗi ne a nuna maka hotuna masu yawa da duk suka yi daidai. Masu dubawar rubutunsu kuma ba su san Hausa ba. Idan ka rubuta "kasa" a inda kake nufin "ƙasa", ko ka sa ₦1,500 a maimakon ₦15,000, za su wuce shi lafiya lau.

| Hanya | Kuɗi | Abin da ta fi kamawa | Sauƙi | Ɗorewa | Abin da ke sulale mata |
|---|---|---|---|---|---|
| Gwajin hannu | Data kawai | Farashi, Hausa, gaisuwa, nauyin hoto | Yana cin lokaci | Ba ta canzawa | Outlook na ofis, ainihin isa |
| Kayan cikin manhaja | Cikin kuɗin da kake biya | Tsari, linkin da ya mutu | Mafi sauƙi | Tsarin kyauta na raguwa | Gurbin suna, linki mai kai wa inda ba daidai ba |
| mail-tester da Postmaster Tools | Kyauta, da iyaka | SPF, DKIM, DMARC, baƙin tambari | Sai an ɗan koya | Mai kyau | Kamanni, abin da ke cikin saƙo |
| Litmus, Email on Acid, GlockApps | Dala, duk wata | Kamanni a ko'ina, alamar isa | Matsakaici | Farashi na motsi | Hausa, farashi, ladabi |

Wa ya kamata ya ɗauki wacce?

Idan kai ɗan kasuwa ne mai jerin mutum ɗaruruwa zuwa dubu kaɗan, kana rubutu da Hausa ko kana haɗa ta da Turanci, ka tsaya kan gwajin hannu, ka haɗa da aikawa ta gaske zuwa ƙaramin rukuninka na gwaji. Mail-tester ka shiga shi lokacin da ka saita domen, da duk sanda ka sauya manhaja ko ƙirar saƙo. Ba sai kowane mako ba. Ka samu mutum ɗaya wanda ba shi ya rubuta saƙon ba ya karanta shi da ƙarfi, ya danna kowane linki, ya kira lambar wayar da ke ciki. Kada ka biya kowa dala.

Makaranta ko ƙungiya ko jaridar intanet da ke aika wa dubbai, har tana kusantar 5,000 a rana, ita isa ce babbar damuwarta. Postmaster Tools ya zama wajibi, a riƙa leƙa shi bayan kowace aikawa, kuma kafin babban saƙo irin na buɗe rajista ko rangwamen Sallah, gwajin GlockApps na wata ɗaya zai iya biyan kansa. Dabarar da ta fi araha a wannan mataki ita ce a fara aika wa kashi ɗaya cikin goma, a jira awa ɗaya ko biyu, a ga ko wani zai kira ya ce linki ba ya aiki, sannan a saki sauran. Wajen auna sakamako a dubi masu danna linki, domin tun 2021 Apple Mail ke buɗe hotunan saƙo da kansa, abin da ke kumbura adadin waɗanda ake cewa sun buɗe.

Wanda masu karɓar saƙonsa ma'aikatan banki ne ko na ma'aikatu ko ƙungiyoyin agaji, masu karanta imel a Outlook na kwamfutar ofis, shi ne ke da dalilin biyan Litmus ko Email on Acid. Ko shi ma, idan ƙira ɗaya yake maimaitawa, ya biya wata ɗaya, ya gyara ƙirar har ta zauna daidai a ko'ina, ya dakatar da biyan. Biyan kowane wata na kamfanin talla ne mai aika wa abokan hulɗa da yawa saƙonni masu ƙira daban-daban, wanda zai iya raba kuɗin a kansu, kuma yake buƙatar hoton da zai nuna wa mai aiki kafin ya ce a aika. Shi ma idan saƙon na Hausa ne, sai ya ajiye Bahaushe da ƙaramar waya a ƙarshen layin dubawa.